An Sauya Inji, Mota Kuma Tana Zafi: Yadda Ake Gano Inda Matsalar Take

Idan an ɗora wa mota wani inji, allurar zafi kuma ta fara hawa, kafin a zargi injin a fara tambaya: me ya kashe tsohon? In zafi ne ya cinye shi, to abin da ya jawo zafin yana nan a jikin motar. Wanda ya sayo injin Beljiyam a Ƙofar Ruwa ko Panteka inji kaɗai ya sayo. Lagireto, murfinsa, fanka, tiyo da wayoyi duk na da ne, kuma za su yi wa wannan abin da suka yi wa wancan.

Kada a yi gaggawar kwance kan inji. Masu sayar da inji kan ba da 'yan kwanaki na gwaji, amma da zarar bakanike ya sa sifana ya buɗe shi, da wuya su karɓe shi. Saboda haka duk gwajin da ke ƙasa a yi shi cikin kwanakin nan, inji yana rufe. Kuma kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi: ruwan yana cikin matsi, zai yi tsiri ya sale fuska da hannu.

Shin da gaske zafin yake yi?

Wani lokaci allura ce ke ƙarya. Injin da aka kawo yakan zo da sansar zafi tasa, wadda ba lallai ta dace da dashbod ko ƙwaƙwalwar motarka (kwamfutar da ke sarrafa inji) ba, musamman in shekarar ƙira ta bambanta. Wasu injuna ma sansa biyu gare su, ɗaya ta allura, ɗaya ta ƙwaƙwalwa, kuma akan sarƙe soket ɗinsu wajen haɗawa. A sa kwamfutar gwaji a karanta ainihin zafin ruwa. Yawancin injunan fetur suna aiki tsakanin digiri 85 zuwa 100. In kwamfuta ta nuna 90 allura kuwa tana kusa da ja, a duba sansa da wayar ƙasa da ke haɗa inji da bodi, wadda ake yawan mantawa da ita bayan ɗora inji. Ana iya auna sansar da mita: irin wadda ke jikin Toyota da motoci da dama tana nuna wajen om (ma'aunin turjiyar lantarki) 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, ta sauko wajen om 300 a digiri 80. In tsohuwar sansar lafiyarta ƙalau, a mayar da ita kawai.

Iska a cikin hanyar ruwa

Wannan shi ne abin da ya fi yawa bayan sauya inji, kuma shi ne mafi araha wajen gyara. Injin da aka ɗora babu ruwa a cikinsa ko kaɗan. In aka kwarara ruwa da sauri aka rufe murfi, iska takan maƙale a kan inji, a bayan tamostat (bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi), ko a hanyar hita. Tamostat da ke zaune cikin iska ba ya jin zafin ruwa, don haka ba ya buɗewa a kan lokaci. Alamarta: allura ta hau ta sauko ba dalili, ana jin ƙugin ruwa a bayan dashbod, hita na hura sanyi alhali inji ya yi zafi.

Hanya mafi sauƙi ta kama ta ita ce lissafi. Injin silinda huɗu yakan ci lita 5 zuwa 7 na ruwa. In lita 3 ko 4 kawai ya sha bakin lagireto ya cika, sauran wurin iska ce.

Ga yadda ake fitar da ita. Inji yana sanyi, a faka motar gabanta ya ɗan ɗaga sama. A juya hita zuwa ƙarshen zafi. A buɗe murfi a zuba ruwa a hankali, ana matsa tiyon sama da na ƙasa da hannu har kumfa ya daina fitowa. Motoci irin su Peugeot 406 suna da ƙananan kusoshin fitar da iska a kan tiyon hita da gidan tamostat. A sassauta su, a ci gaba da zubawa har ruwa ya fito ba tartsatsi, sannan a ɗaure. A tayar da inji murfi a buɗe, a riƙa ɗaga shi zuwa juyi 2,000 ko 2,500 na ɗan lokaci ana saki. Da tamostat ya buɗe za a ga ruwan ya faɗa ƙasa, tiyon da ke sanyi ya ɗau zafi. A cike, a jira fanka ta tashi ta tsaya sau biyu, a rufe murfi, a cika jarkar ajiya zuwa layinta. Washegari da safe a sake dubawa, domin yakan ɗan ƙara sha.

Lura da lokacin da take zafin

Motar da ke zafi a cikin cunkoso ko tana tsaye, ta huce da an hau titi, matsalar fanka ce. A duba fis, rile da soket. A kunna esi: a motoci da yawa fanka takan tashi nan take, in ba ta tashi ba an san inda za a nufa. A kuma tabbatar ba a juya wayoyinta ba. A ɗora takarda a gaban lagireto: in fanka ta tsotse ta ta manne, daidai ne, in ta ture ta, tana juyi a baibai. Robar da ke kewaye da fanka ma a mayar da ita, don in babu ita fanka iskar gefe take ja.

Wadda kuwa ke lafiya a cikin gari amma ta yi zafi a kan doguwar hanya, ko wajen hawa irin Hawan Kibo, ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata, ko lagireto ba ya fitar da zafi. A nan tsohon lagireto ne abin zargi na farko. In gasket ɗin tsohon injin, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone, baƙin mai da tsatsa sun shiga ƙananan bututun sun toshe wasu. Bayan inji ya yi zafi a kashe shi, a cire soket ɗin fanka, a shafa jikin lagireto daga sama zuwa ƙasa: wurin da ya yi sanyi a tsakiyar zafi toshewa ce. A cire shi a wanke sosai, in bai buɗe ba a sauya. A leƙa tsakaninsa da kwandansar esi, inda ƙurar hunturu, ciyawa da leda ke taruwa. Tiyon ƙasa da ya yi laushi kuma yakan shafe in an taka mai, ya hana famfo jan ruwa.

In kuwa minti biyar zuwa goma da tayarwa allura ta kai ja, lagireto kuma yana sanyi, ruwa ba ya motsi sam. Ko tamostat ya ƙi buɗewa, ko an sa shi a juye, ko famfon ruwa ya mutu, ko an bar wani abu a hanya. Masu shigo da inji sukan toshe kafofinsa da roba ko tsumma don kada datti ya shiga, kuma akan manta da guda a sa tiyo a kansa. A duba bel ɗin ma: in an zagaya shi ba bisa tsarinsa ba, famfo zai iya juyawa a baibai ko ya riƙa sulɓewa.

Maganar tamostat da fanka dayarek

Al'ada ce a garejoji da yawa a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, a ce wai na ƙasar sanyi ne. Wannan ba gyara ba ne, rufe ciwo ne. Ko a zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato, inda rana ke kai digiri 40, motar da hanyar ruwanta ke lafiya ba ta buƙatar haka. Inji mara tamostat yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, ƙwaƙwalwa ta riƙa ƙara masa fetur, baƙin mai ya lalace da wuri. A injuna da dama kuma tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke komawa cikin inji, in babu shi wani kaso na ruwan ba zai bi ta lagireto ba.

Gwada shi ba wuya. A rataya shi da zare cikin tukunyar ruwa, kada ya taɓa gindinta, a ɗora a wuta. Zafin da yake fara buɗewa a rubuce yake a jikinsa, 82 a Toyota da yawa, 87 ko sama a wasu motocin Turai. Kafin ruwa ya tafasa ya kamata ya buɗe sosai. Wajen mayarwa, ɓangaren da ke da sifirin shi ke kallon cikin inji, ɗan ƙaramin ramin da ke gefensa mai ƙusa mai motsi kuma ya kasance a sama, domin ta nan iska ke wucewa. Injin da ya daɗe a ajiye, gara a sa masa sabon tamostat da famfon ruwa tun yana ƙasa.

Murfin lagireto ma kada a raina shi. Shi ke riƙe matsi, galibi bar (ma'aunin matsi) 0.9 ko 1.1, kuma lambar tana kansa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, amma a matsin bar 1 sai ya kai wajen 120. Murfin da robarsa ta tsage zai bar ruwa ya tafasa ya tsere ta jarkar ajiya alhali komai lafiya.

In zargi ya koma kan injin kansa

Alamomin gasket ko tsagewar kan inji su ne: tiyon sama ya yi tauri kamar an hura shi minti ɗaya ko biyu da tayarwa inji bai ko ɗumama ba, kumfa ba ya yankewa a bakin lagireto komai daɗewar fitar da iska, ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, farin hayaƙi a salansa bayan inji ya yi zafi, fulogi ɗaya ya fito fes kamar an wanke shi. Baƙin mai ya koma kalar shayi da madara in ruwa ya shiga cikinsa, amma gasket kan ƙone ba tare da hakan ta faru ba.

A tabbatar da gwaji uku. A sa famfon gwaji a bakin lagireto, a hura zuwa matsin da ke kan murfi, a jira minti 15. In ya sauka ba a ga ɗigo a waje ba, ciki yake zuba. Sai ruwan gwaji mai shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto inji na aiki: in ya koma rawaya, hayaƙin ƙonewa yana shiga ruwa. Na uku auna kwamfireshan: silinda biyu maƙwabta da suka yi ƙasa tare, gasket ne ya cinye a tsakaninsu. In aka samu haka cikin kwanakin gwaji, a mayar wa mai shi injinsa.

In lokacin ya wuce dole a buɗe, a kai kan injin a auna ko ya lanƙwashe. A injunan Toyota da dama abin da aka yarda da shi bai wuce milimita 0.05 ba. A ɗaure kusoshi da sifana mai awo, bisa jerin da kamfani ya tsara. Masu Camry ta 2002 zuwa 2006 mai injin 2AZ-FE su sa a duba zaren ramukan kusoshin baya, domin an san wannan injin da cinye su, kuma sabon gasket ba zai riƙe ba sai an gyara ramukan.

Ruwan da za a zuba a ƙarshe ya zama kulan (ruwan sanyaya inji na musamman), rabi da rabi da tataccen ruwa mara asid, ko wanda aka riga aka haɗa. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin gishiri a bututun lagireto, suna kuma cin alminiyon da famfo. Kada a gauraya kulan iri biyu. Mako na farko a riƙa duba ruwa kowace safiya kafin a tayar, a kuma sake ɗaure kilif ɗin kowane tiyo bayan tafiya ta farko mai nisa.