Darasi na Bakwai: Kiwon Rago da Littafin Lissafi

A unguwannin Kaduna irin su Rigasa, Tudun Wada da Kawo, da wuya ka shiga gida goma ba ka ga turke ba. Wani rago ɗaya ya ɗaure, wata akuya biyu take kiwo a bayan ɗaki. Yawancinmu asusu muka ɗauki dabba: in ciwo ya zo, ko biki, ko kuɗin makaranta, a kama a kai kasuwa. Wannan dabara ce mai kyau, ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma asusu daban, sana'a daban. Mai sana'a ya san abin da ya zuba, ya san abin da ya fitar.

Mu fara da lissafi

A ce wata baiwar Allah ta ɗauki adashi, ta sayi rago a kan ₦120,000. Ta turke shi wata 3. Da Babbar Sallah ta matso, ɗanta ya kai shi kasuwar Zango aka saya ₦200,000. Maƙwabta suka yi ta barka, wai ta ci ribar ₦80,000.

To, bari mu buɗe littafi. Harawa da dusa sun ci ₦45,000. Maganin tsutsa da allura ₦5,000. Kuɗin mota zuwa da kaiwa, da la'adar dillali, ₦6,000. Ku haɗa waɗannan da kuɗin ragon, za ku sami ₦176,000. Ku cire daga ₦200,000. Saura ₦24,000.

Ribar ke nan, ta wahalar kwana 90. Kuɗin nan misali ne kawai, farashi yana hawa yana sauka, amma hanyar lissafin ba ta canzawa. Kuɗin dusa shi ne mai ɓuya, don da kaɗan-kaɗan yake fita: yau ₦500, gobe ₦700, ba wanda ya rubuta. Shi ya sa mutum zai shekara biyar yana kiwo, yana ganin kuɗi a hannu duk Sallah, amma jarinsa bai taɓa wuce rago ɗaya ba.

Littafin ba wani abu ba ne. Irin na 'yan firamare ya isa. A raba shafi biyu: hagu a rubuta "Abin da ya fita", dama a rubuta "Abin da ya shigo". Wanda hannunsa bai nuna da boko ba tukuna, ya rubuta da ajami, ko ya fara da lambobi kawai. Kada a manta da taki. Masu lambu da manoma suna saye, kuma shi ma shigowa ne.

Ranar saye

Siyan na gari mayar da kuɗi gida. Ana duba ido ya zama garau, hanci ba majina, gindi ba alamar zawo, ƙafafu huɗu suna taka ƙasa daidai. A buɗe baki a ga haƙora, su ne ke faɗin shekaru. Ragon da aka yi niyyar sayarwa don layya kada ya zama mai ido ɗaya, ko gurgu, ko marar lafiya, ko ramamme ƙwarai, domin waɗannan aibobi suna hana layya.

'Yankasa shi ne ragon da ya fi sabawa da yankinmu. Balami da Uda sun fi girma, sun fi ɗaukar ido a kasuwa, amma cinsu ma ya fi yawa. Mai ƙaramin jari ya auna buhunsa kafin ya bi kwalliya.

In an kawo sabuwar dabba gida, a ware ta mako 2 zuwa 3 kafin a haɗa ta da sauran. Akwai wata cuta ta awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR, mai zuwa da zazzaɓi, majina, kwantsa, gyambon baki da zawo. Sau da yawa daga kasuwa ake kwaso ta, kuma tana iya share garke. Tana da rigakafi, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana haɗa shi. A tambayi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. Maganin da ake shanyawa a rana a bakin kasuwa kuwa, ba kwanan wata, ba sunan kamfani, a bar wa mai shi kayansa.

Abinci, inda ribar take kwana

Babbar Sallah tana matsowa baya da kusan kwana 11 kowace shekara. A 2024 an yi ta ranar 16 ga Yuni, a 2025 kuma ranar 6 ga Yuni. Ke nan a 'yan shekarun nan turke yana faɗawa cikin bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare, harawa ta yi tsada. Mai wayo da kaka yake sayen harawar wake da ta gyaɗa, da kowar wake, ya jibge a kan rumfa inda ruwa da gara ba sa kaiwa. Wanda ya jira sai watan Afrilu, to ribarsa ce yake miƙa wa mai harawa.

Dusa da hatsi a hankali ake ƙara su. In aka cika wa rago lokaci ɗaya, cikinsa zai kumbura, yana iya mutuwa cikin dare. Ruwa mai tsabta kullum, da ɗan gishiri ko kanwa. Sannan leda. A cikin gari leda tana kashe dabbobi a ɓoye: akuya ta haɗiye, ta cushe a tumbi, tana ci tana ramewa, mai ita yana zargin maita.

Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya

Akwai matsalolin da littafi ba ya magancewa. Satar shanu da rashin tsaro a wurare irin su Birnin Gwari da Giwa sun raba iyalai da dukiyar da suka gada. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin ɗauko dabba daga kasuwannin ƙauye irin su Anchau ya ƙaru. Banki kuma ba ya sauraron mai rago biyu. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo, kuma ga cibiyar binciken kiwo ta Shika nan kusa da Zariya, amma mai turke a lungu ba kasafai labari ke isa gare shi ba.

Mata sun fi shan wannan wahala. Mace ce ke sharar turke, ita ke ba da ruwa, amma ba ita ke tsayawa a ciniki ba. Abin da aka kawo mata shi ne farashi. Kafin a fita da dabba, ta sa a tambayo farashi a wuri biyu ko uku, ta faɗi kuɗin da ba za ta sallama ƙasa da shi ba. Littafinta ne zai gaya mata wannan adadi.

Haɗa kai yana rage tsada. Kwalbar rigakafi ɗaya ta dabbobi da yawa ce, kuma in an buɗe ba ta jira. Gida goma za su iya kiran malamin dabbobi rana ɗaya, su raba kuɗin. Haka sayen dusa da buhu maimakon da kwano.

Aikin gida

Wani ya sayi tunkiya ₦70,000, ya kashe ₦28,000 a abinci da ₦4,000 a magani. Ya sayar da ita ₦95,000, ya sayar da taki na ₦3,000. Riba ya ci ko faɗuwa ya yi, kuma ta nawa? Bayan haka, kowa ya rubuta abin da dabbarsa ta ci daga yau zuwa mako mai zuwa, ya zo da littafin aji.