Darasi na 7: Hawan jini, gado ne ko gishiri?

Akwai gidan da uba yake da hawan jini, kawu yana da shi, babban ɗa ma likita ya ce ya kamu. Sai ka ji ana cewa, "Ai a jininsu yake." Akwai gaskiya a maganar, amma da sauran bayani. Mu leƙa Koriya ta Kudu.

A 2009 masanan ƙasar suka fitar da sakamakon wani bincike da suka yi a kan mutum 8,842 daga wurare biyu: Ansan, garin masana'antu, da Ansong, yankin manoma. An ɗaura wa kowa na'urar awo a damtse, an kuma ɗebi jininsa don a karanta ƙwayoyin halittarsa.

Ƙwayoyin halitta wani rubutu ne a cikin jiki, rabi daga uwa, rabi daga uba. Haruffansa huɗu ne kacal: A, C, G, T. Rubuta "kasa" a allonka, sannan ka rubuta "ƙasa". Lanƙwasa ɗaya ta sauya ma'ana. Haka abin yake a jiki. Masanan sun gano cewa bambancin harafi ɗaya, kusa da wata ƙwayar halitta mai suna ATP2B1, yana tafiya tare da ƙarin awon jini. Aikin ƙwayar shi ne taimakawa wajen fitar da sinadarin kalsiyam daga ƙwayoyin jiki. In kalsiyam ya taru a bangon jijiya, sai ta tsuke, jini ya riƙa wucewa da ƙarfi, kamar ka matse bakin tiyo da yatsa.

Sai dai fa ƙarin da harafin nan ke kawowa bai wuce maki ɗaya ko biyu ba. Shi kaɗai ba ya kai mutum 140 bisa 90, inda likita ke cewa jini ya hau. Sai ire-irensa da yawa sun haɗu, sun kuma sami abokan tafiya: shekaru, ƙiba, giya, da gishiri.

Gishirin nan kuwa Koriyawa ba su wasa da shi. Kusan kowane abinci da kimchi ake ci, wato kabejin da aka jiƙa da gishiri, aka cakuɗa da barkono, aka bar shi ya yi tsami. Suna da irin tasu daddawar ta waken suya, ita ma gishiri ne fal. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, kimanin cokalin shayi guda. Kada mu yi musu dariya tukuna. Ɗunƙulen da muke marmasawa a miya ma gishiri ne ya fi yawa a cikinsa.

Aiki:
1. Tambayi manyan gidanku su wa ke da hawan jini. Rubuta adadinsu.
2. Ƙirga ɗunƙulen da ya shiga tukunyarku yau.
3. Je asibitin unguwa a auna ka ko da kana jin garau, domin sau da yawa ciwon ba ya nuna alama. Rubuta lambobin biyu da kwanan wata, ka zo da su aji.