Darasi na Tara: Gyaran Ƙashin Baya, Jijiyoyi da Garkuwar Jiki

Kowa ya kai hannu bayan wuyansa, ya ɗan sunkuyar da kai. Kun ji wani ƙullutu mai tauri? Ɗaya ne daga cikin ƙananan ƙasusuwa 33 da suka hau kan juna daga gindin kai har ƙarshen gadon baya. Guda 7 na wuya, 12 su ne haƙarƙari ke maƙale da su, 5 na ƙugu, ragowar kuma sun manne da juna can ƙasa. Rami ne ya ratsa tsakiyarsu, cikinsa laka take kwance kamar wayar lantarki a cikin bututu. Daga laka jijiyoyi 31 ke fita ta dama, 31 ta hagu, su bazu cikin jiki. Su ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin zafi da sanyi da taɓawa, su kuma dawo da umarnin motsi.

Akwai masu sana'ar gyaran ƙashin baya da hannu, wadda ake kira kairofiraktik. Wani mutum mai suna Daniel David Palmer ne ya fara ta a 1895, a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka. Ya ce kashi 95 cikin 100 na cututtuka daga gocewar ƙashin baya suke, wai ƙashin yakan danne jijiya sai jiki ya rikice. Binciken likitoci bai gaskata wannan magana ba. Amma sana'ar ta ɗore, kuma a ƙasashe da dama sai mutum ya yi shekaru yana karatu ya samu lasisi kafin ya taɓa majiyyaci.

Majiyyaci yakan kwanta a kan wani gado na musamman. Mai gyaran ya lalubi gaɓar da ta sandare, ya danna ta da sauri sau ɗaya, sai a ji ƙas! Mutane da yawa suna zaton ƙashi ne ya koma mazauninsa. A'a, iska ce a cikin ruwan gaɓa take wannan ƙara, irin wadda ake ji idan an ja yatsa.

To, ina garkuwar jiki ta shigo? Garkuwar jiki rundunar da ke yaƙar ƙwayoyin cuta ce. A cikin ɓargo ake ƙera fararen ƙwayoyin jini, sannan su taru a saifa da kaluluwa. Shi ya sa idan ciwo ya ruru a ƙafa, kaluluwa takan kumbura a matsematsi. Gaskiya ne jijiyoyi da garkuwar jiki suna magana da juna. Akwai jijiyoyin da ke shiga saifa da ɓargo. Doguwar damuwa da rashin barci sukan raunana garkuwa, domin ƙwaƙwalwa tana sa a saki sinadarin kotisol, shi kuma idan ya daɗe da yawa a jini yakan dakushe aikin fararen ƙwayoyin.

A nan ne ya kamata mu buɗe ido. Wasu sukan ce: tunda jijiyoyi na taɓa garkuwa, kuma jijiyoyi ta ƙashin baya suke fita, ashe danna baya zai ƙara garkuwa. Maganar tana da daɗin ji, amma daɗin magana ba hujja ba ne. Ba a nuna cewa wanda ake danna wa baya ya fi wani tsira daga mura ko zazzaɓi ko wata cuta mai yaɗuwa ba. A 2020, lokacin annobar korona, ƙungiyar masu wannan sana'a ta duniya da kanta ta fito ta ce babu ingantacciyar hujjar cewa gyaran baya yana ƙarfafa garkuwar jiki. Abin da ke sosa mini rai shi ne iyayen da za su ji irin wannan talla su bar kai yaro rigakafi. Allurar rigakafi ce ke koya wa jiki gane ƙyanda da shan inna tun kafin su zo. Babu hannun da zai yi wannan aiki ta bayan fata.

Sana'ar tana da amfaninta a inda ya dace. Mai ciwon ƙugu na yau da kullum yana iya samun sauƙi, gwargwadon wanda ake samu da motsa jiki ko tausa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gyaran baya da hannu cikin hanyoyin da za a iya gwadawa ga ciwon ƙugu mai daɗewa, a haɗe da sauran kulawa. Bayan an yi, jiki kan yi tsami kwana ɗaya ko biyu.

Wuya kuwa wurin taka-tsantsan ne. Wasu daga cikin jijiyoyin jini masu zuwa ƙwaƙwalwa ta cikin ƙasusuwan wuya suke bi, kuma an samu waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye bayan an murɗa musu wuya, ko da yake ba kasafai hakan ke faruwa ba. Duk wanda ya ji jiri, ko ganinsa ya rabu biyu, ko harshensa ya yi nauyi bayan an taɓa masa wuya, a garzaya da shi asibiti nan take.

Haka kuma kada a bari a danna bayan mai ƙashi mara ƙwari, ko wanda ya faɗi kwanan nan, ko mai ciwon daji. Ciwon baya da ya zo da zazzaɓi da rama yana iya zama tarin fuka ne ya ci ƙashi. Idan ƙafa ta mutu ba a jin ta, ko fitsari ya riƙa zuba ba da sani ba, wannan aikin likita ne na gaggawa.

Aikin gida: ku rubuta alamomi uku da za su sa mai ciwon baya ya nufi asibiti kai tsaye. Sannan ku rubuta amsar da za ku ba wanda ya ce muku gyaran baya ya isa, ba sai an yi wa yaro rigakafi ba. A darasi na gaba kowa zai karanta nasa.