Auna danshin gona da jirgi marar matuƙi: kada ka bar shebur a gida

Na'urar da nake ɗaura wa jirgina ba ta harba komai ƙasa, saurare kawai take yi. Ƙasa da kanta tana fitar da wata igiya mai rauni ta maikurowef, na'urar kuma, wadda ake kira rediyomita, ta kama ta a gigahaz 1.4, zangon da aka keɓe a duniya, ba a yarda kowa ya watsa saƙo a kansa ba. Busasshiyar ƙasa igiyarta da ƙarfi take fitowa, jiƙaƙƙiya kuwa sai ta dushe. Dalili shi ne ma'aunin riƙe lantarki na ruwa kusan 80 ne, na busasshiyar ƙasa bai wuce 3 zuwa 5 ba. Wannan tazarar ce jarinmu.

Taurarin ɗan'adam sun riga mu wannan aiki: SMOS na Turai tun 2009, SMAP na NASA tun 2015. Sai dai ɗigo guda a taswirarsu ya kai faɗin kilomita 40 ko kusa da haka, gonarka ta ɓace a ciki kamar allura a rairayi. Jirgi kuwa zai nuna maka kwarin da ruwa ke kwanciya da tudun da ke saurin bushewa.

Ka yi sammako. Da hantsi ya ɗaga, ganye da fatar ƙasa da cikinta kowanne zafinsa daban, lissafi ya rikice. Shi ya sa taurarin nan ma da ƙarfe 6 na safe suke ratsawa. Kunna na'urar ka bar ta ta daidaita, sannan ka gwada ta da abu biyu da ka san amsarsu: ka ɗaga eriya ta kalli sararin sama mai tsananin sanyi, ka kuma kifa ta kan wani soso na musamman mai shanye igiya wanda ka auna zafinsa. Bayan an sauka a maimaita.

A sama, tsayi ɗaya, gudu ɗaya, a hankali, layuka suna ɗan hawa juna. Ni kan karkata eriya digiri 40 daga kallon ƙasa kai tsaye, kuma ba na sauya yadda nake ratsa kunyoyi daga wannan tashi zuwa wancan, don tudun kunya da kaurin ganye duk suna sa ƙasa ta yi kamar ta fi bushewa.

Hattara da hayaniyar lantarki. Na taɓa samun taswira da wasu jajayen ɗigo a jere, wai ƙasa ta bushe ƙamas, alhali takalmina na ɗauke da taɓon wurin. Ashe wayar kyamarar da na maƙala wa jirgin ce ke zuba wa eriya ƙara.

To, ga inda mutane ke kasala. Ana cikin tashi, sai ka bi gonar ka ɗebi ƙasa da zoben ƙarfe mai cin santimita kubik 100, daga sama zuwa zurfin santimita 5. Ni ba na yin ƙasa da wuri goma, in haɗa da yashi da yumɓu, tudu da kwari, kowanne in rubuta lambar GPS ɗinsa. Rufe gwangwanin nan take, ka auna nauyi, ka gasa a digiri 105 na ma'aunin Celsius har awa 24, ka sake aunawa. In jiƙaƙƙiya giram 160 ce, busasshiya 135, ruwa giram 25 ke nan, wato santimita kubik 25 na ruwa a zobe mai cin 100, danshi kashi 25 cikin ɗari. Da waɗannan lambobi za ka ladabtar da taswirar; in babu su, launuka kawai ka buga.

Ka kuma tuna zurfin da na'urar ke ji bai wuce santimita 5 ɗin nan ba, saiwar shuka kuwa can ƙasa take sha. Kafin ka buɗe ruwan ban-ruwa ko ka rufe, je wurin da taswira ta ce ya fi bushewa, ka haƙa tsawon kamu biyu, ka dunƙula ƙasar a tafin hannunka.