Darasi na 7: Rubuta Yarjejeniyar Dukiya Tsakanin Miji da Mata

Kashi na farko: abin da kowa ya mallaka

A shari'ar Musulunci aure ba ya haɗe dukiyar miji da ta matarsa. Sadaki na mace ne, kamar yadda aya ta 4 ta Suratun Nisa'i ta nuna, haka kuma kayan ɗakin da iyayenta suka yi mata, da awakinta, da ribar sana'arta. Rigima takan taso ne idan mace ta sayar da ɗan kunnenta na gwal ta ba maigida kuɗin ya yi rufin ɗaki, bayan shekaru shi ya ce kyauta ta yi masa, ita ta ce rance ne, alhali babu takardar da za a nuna wa alƙali.

Kashi na biyu: yadda ake rubutawa

Ku ɗauki farar takarda da biro, kada ku yi amfani da fensir domin rubutunsa yana goguwa. A layin farko ku rubuta kwanan wata. A layi na biyu ku rubuta sunan miji da na mahaifinsa, sannan sunan mata da na mahaifinta. Ku rubuta adadin kuɗin sau biyu, da lambobi kuma da kalmomi, misali 150,000, naira dubu ɗari da hamsin, saboda sifiri ɗaya da wani zai ƙara yana iya mayar da kuɗin sama da miliyan.

Yanzu mun zo wurin da kuka fi tuntuɓe. Bayan adadin, dole ne ku rubuta ɗaya daga cikin kalmomi biyu: RANCE ko KYAUTA. Rance shi ne abin da za a biya, kyauta kuwa ba a biyanta. Ku kwafi RANCE sau biyar a littafinku, harafi biyar ne kacal, kuma kowa a ajin nan zai iya. Idan kun gama, ku ɗora yatsa a kan takardar ku nemo kalmar. Idan ba ku gan ta ba, takardar ba ta cika ba, sai ku koma ku rubuta.

Na duba aikin da kuka yi a makon jiya, na tarar da yawanku sun rubuta "na ba maigida kuɗi" suka tsaya. Kun ba shi a matsayin me? Na sani nauyinsa kuke ji, amma alƙali ba zai karanta kunyarku ba, abin da ke kan takarda zai karanta. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ita ce ta yi umarni a rubuta bashi a kafa shaidu. Na faɗa sau uku, ina sake faɗa: RANCE ko KYAUTA. Idan rance ne, ku ƙara ranar biya.

Kashi na uku: shaidu

Ku nemi shaidu biyu adilai, a karanta takardar da ƙarfi kowa ya ji kafin a sa hannu ko a dangwala. Idan an ɗaura aure a kan sadaki ajalan, shi ma a rubuta ragowarsa haka.

Kashi na huɗu: ajiya

A yi kwafi biyu, kowa ya riƙe ɗaya, a sa cikin leda saboda damina da gara.