Yadda zaka tantance labarin sabuwar memori kafin ka sa kuɗinka a hannun jari

Duk sanda wani kamfani ya fito da sabuwar fasahar memori sai masu hannun jari su rabu biyu, wasu suce 'yan jarida na zuzutawa ne dan an saye su, wasu kuma suce a'a da gangan suke kushewa dan farashi ya faɗi masu cacar faɗuwar hannun jari su kwashi riba. Ni dai wannan musun bana ganin yana kai mutum ko ina, kuma yana damuna ganin mutane na zuba gumin su akan kanun labari. Ga yadda nake bi, da misalin 3D XPoint, wata fasahar memorin kwamfuta da kamfanonin Intel da Micron suka haɗa.

Fara da neman asalin sanarwar kamfanin ka karanta da kanka. A watan Yulin 2015 Intel da Micron suka ce 3D XPoint ta fi NAND (memorin ajiya irin ta filashi da wayoyi) sauri har sau 1000, ta fi ta juriya sau 1000, sannan tana ɗaukar bayanai ninki 10 na DRAM (memorin aiki ta kwamfuta, wato RAM). Jaridu da yawa suka kwafa haka nan. To amma wancan saurin na ƙwayar memorin ne ita kaɗai, da aka haɗa ta cikin SSD (na'urar ajiyar bayanai) ɗin Intel mai suna Optane a 2017 bayanan sai sun bi ta PCIe (hanyar da ke haɗa SSD da kwamfuta) da manhajojin da ke tafiyar da na'urar, saurin ya burge ƙwarai amma ko kusa da dubu bai je ba. Saboda haka duk lambar da ka gani tambayi kanka: a ina aka auna, a ɗakin gwaji ko cikin kwamfutar da mutum zai saya?

Sai ka gangara ƙasan labarin jaridar ka duba ko marubucin ya faɗi cewa yana riƙe da hannun jarin kamfanin ko ya yi cacar farashin zai faɗi, wannan minti ɗaya ne.

Inda nafi ɓata lokaci shine farashin gigabait ɗaya da kuma waye ke saye. Nan Optane ta maƙale gaskiya, ta fi NAND tsada nesa ba kusa ba, bata kai DRAM sauri ba, kuma nau'in da ake sakawa a ramin RAM wanda ya fito 2019 da firosesan Xeon na Intel kawai yake aiki, kaga masu saye sun ragu tun daga nan. Harkar memori kuwa harka ce ta yawa, masana'anta in bata fitar da kaya da yawa kuɗin gininta da injina ke cinye ribar, ita kuma NAND kullum ƙara araha take dan ana ta jera mata hawa kan hawa. Duk wannan ana ganin alamunsa a rahoton wata uku-uku da rahoton shekara 10-K da kamfanonin Amurka ke miƙa wa SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jarin Amurka, kyauta suke a intanet, kuma ƙarya a cikinsu laifi ne a doka shiyasa nafi yarda dasu akan hira da shugaban kamfani.

Kuma ka lura da abin da abokin hulɗa keyi da kuɗinsa. Micron ta saye kason Intel a masana'antar Lehi da ke Utah, inda ake ƙera 3D XPoint, a 2019, a Maris 2021 tace ta daina 3D XPoint, ta sayar wa Texas Instruments masana'antar kan dala miliyan 900. Yulin 2022 Intel ma ta rufe Optane da asarar kaya na dala miliyan 559. Fasahar tana aiki fa, wanda ya taɓa amfani da ita zai gaya maka, ciniki ne babu.

Yanzu HBM, wata DRAM mai matuƙar sauri da ake jerawa hawa kan hawa, ake ta yayi, ta SK Hynix da Samsung da Micron. Ita tana da mai saye a fili, Nvidia na saka ta a na'urorinta na AI, dan haka abin dubawa a rahotonsu shine kashi nawa na cinikin ke fitowa daga manyan kwastomomi ƙalilan, da kuma yawan sabbin masana'antun da ukun ke ginawa a lokaci guda, dan yawan kaya ne ya sha karya farashin DRAM a baya.