Burodin ƙaramin gidan gashi: yadda za ka saya ka adana har ka daskarar da shi

Wallahi ranar da na fara sayen irin burodin nan da ake kwaɓawa da hannu a ƙaramin gidan gashi sai da na ji haushi, na kai shi gida da yamma yana ta ƙamshi, bayan kwana biyu ya koma kamar katako, har na fara zargin ko mai gashin ne ya ba ni na kwana. Ashe laifina ne, firij na jefa shi.

Shi wannan burodin ba irin na kamfani ba ne da ake zuba masa maganin hana funfuna. Yawanci fulawa ce da ruwa da gishiri da yis, ko kuma tsohon kwaɓi mai tsami da suke rainonsa kullum, shi ke nan. Don haka kwanansa ba yawa, kuma tun a wurin saye ya kamata ka san yadda za ka yi da shi.

Ka je da wuri, ka tambayi mai gashin yaushe ya fito daga wuta, ba abin kunya ba ne. Ka ɗaga shi ka ƙwanƙwasa ƙasansa da yatsa, in ka ji sauti kamar na ganga to ya gasu har ciki. Ɓawon da ya yi ja sosai har yana neman duhu kar ya tsorata ka, a nan daɗin yake. Sannan ka ce kar a yanka maka, don da zarar an yanka iska ta samu ƙofa. Girma ma yana da tasiri: dogon nan siriri na Faransa da ake kira baget ranar da aka gasa shi ake cinye shi, amma babban dunƙule mai tsami yakan kai kwana 3 zuwa 5 saboda tsamin na jinkirta lalacewa.

In da zafinsa aka ba ka, haƙuri za ka yi awa ɗaya ko biyu kafin ka sa wuƙa, cikinsa bai gama ɗaurewa ba, in ka yanka sai ya cakuɗe yana manne wa wuƙar. Kuma kar ka kuskura ka ɗaure shi a leda da zafin, gumi zai yi, gumin nan kuwa shi funfuna ke so.

To maganar firij. Mutane na ɗauka bushewa ce kawai ke sa burodi tauri, alhali sitacin da ke cikin fulawar ne yake sake ƙanƙamewa bayan ya huce, kuma wannan ƙanƙamewar ta fi sauri a sanyin firij, wato wajen digiri 4, fiye da a ɗaki. Shi ya sa burodin firij ke marmashewa ko da ka naɗe shi da kyau. Firiza kuwa da ke kaiwa digiri 18 ƙasa da sifili tsayar da abin take yi kusan gaba ɗaya. Ni dai a wurina ko a waje ko a firiza, firij sai in gari ya yi zafi da danshin da funfuna za ta riga ka ci, shi ma da niyyar za ka ɗumama kafin ci.

Wanda za ka ci cikin kwana biyu ka bar shi a jakar takarda ko ka lulluɓe da ƙyalle mai tsabta, in ka yanka ka kifa wajen yankan a kan katako, ɓawon da kansa ya isa murfi. Leda tana hana shi bushewa amma ɓawon zai yi laushi kamar roba, zaɓi ya rage naka.

Sauran kuma ranar da ka saya za ka daskarar, kar ka jira sai ya fara tauri, don yadda ka sa shi haka za ka fito da shi. Ka bari ya huce sarai, ka yanka yanka-yanka in kai kaɗai ne, ko rabi-rabi in kuna da yawa, ka naɗe da ledar naɗe abinci ka matse, ka sake sa shi a wata leda mai kauri ka fitar da iskar iya ƙoƙarinka, iskar ce ke sa gefensa ya yi fari-fari ya bushe ya kuma kwashi warin duk abin da ke cikin firizar. Ka rubuta kwanan wata a jiki, zuwa wata 3 yana nan da daɗinsa. In wuta na yawan ɗaukewa har firizar na narkewa tana sake kamawa, gara ka riƙa sayen kaɗan-kaɗan.

Ranar ci, yankakke kai tsaye zuwa tosta ko kasko mara mai, ba sai ya narke ba. Dunƙule kuma ka bar shi cikin ledarsa a ɗaki awa 2 ko 3, sannan ka cire ledar ka yayyafa wa ɓawon ruwa ka sa a oben mai zafin digiri 180 na minti 10 zuwa 15, za ka ji ɓawon ya dawo yana ƙaras-ƙaras. Wannan dabarar tana tayar da wanda ya yi tauri a waje ma, sai dai ka cinye a ranar don in ya sake hucewa taurin ya fi na farko. Maikirowef kam a bar shi, minti kaɗan bayan ka fito da shi sai ka ga kana ja da haƙori.

In kuwa ka ga ɗigon funfuna kore ko fari, kar ka ce za ka yanke wurin ka ci sauran, burodi duk ramuka ne, saiwoyinta sun riga sun ratsa ciki inda ido ba ya gani, zubar da shi duka za ka yi.